Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina (1912-1994): Malamin Makarantar Da Ya Zama Muryar Hausa A Rediyo

Da wuya a sami wani gida a ƙasar Hausa wanda akwatin rediyo bai shiga ba. Manomi yakan rataye shi a reshen bishiya yana noma, mai shago yakan ajiye shi kusa da ma'auni, direban da ya taso daga Kano zai nufi gabas kuwa, kafin ya haye gadar Wudil ya riga ya ji abin da duniya ta kwana ciki. Sabo ya sa muna ɗaukar jin labaran duniya da harshenmu tamkar wani abu ne da muka gada kaka da kakanni, alhali kuwa akwai lokacin da babu shi, akwai kuma mutanen da suka fara shi. Ɗaya daga cikin waɗannan mutane shi ne marigayi Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina.

Mafi yawan waɗanda suka san sunan wannan bawan Allah sun san shi ne a matsayin Ministan Ilimi na tsohuwar Jihar Arewa, kuma na hannun daman Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Kaɗan ne suka san cewa kafin ya shiga siyasa ya yi shekara uku yana karanta labarai da Hausa a gidan rediyo, a wata ƙasa mai nisa da gida, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Wanda ya bi rayuwarsa daki-daki zai ga cewa aiki ɗaya ya yi ta yi tun daga aji har zuwa ofishin minista, wato isar da ilimi ga mutanen da ba su sami hanyar kaiwa gare shi ba.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Isa Kaita a Katsina a shekarar 1912, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Mahaifinsa, Malam Haruna, shi ne Wazirin Katsina, saboda haka ya tashi a gidan da aka san darajar karatu da rubutu da iya magana a gaban manya. Sunan Kaita da ya bi shi kuwa, sunan wani gari ne da ke arewa da birnin Katsina.

A wancan zamani iyaye da yawa suna ɗari-ɗari da makarantar boko, har wasu sukan ɓoye 'ya'yansu idan an zo ɗaukar yara. Sarki Dikko yana cikin sarakunan da suka karɓi wannan sabon ilimi da wuri, kuma a garinsa aka kafa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a shekarar 1922 domin horar da malaman makaranta. Bayan Isa Kaita ya gama karatunsa na farko a Katsina, sai ya shiga wannan kwaleji, ya kuma kammala a shekarar 1932. A cikin waɗannan shekaru ya zauna da samarin da daga baya suka riƙe ragamar Arewa da ta Nijeriya baki ɗaya. Ahmadu Bello ya fita shekara guda kafin shi, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fita shekara guda bayansa, Abubakar Imam kuwa tare suka gama. Kwalejin ta yi suna wajen tsananta wa ɗalibai a kan lafazin Turanci da fitar da kowane harafi daga mafitarsa, abin da ya amfani Isa Kaita ƙwarai a aikin da yake jiransa a gaba. Ita ce aka mayar Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa da muka sani.

Shekara tara a aji

Da fitarsa daga kwaleji sai aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, inda ya zauna daga 1932 zuwa 1941. A makarantar ya yi aiki tare da Malam Abubakar Imam, wanda a waɗannan shekarun ne ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, kafin a ɗauke shi zuwa Zariya ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939. Abin lura a nan shi ne, daga ɗakin malamai guda ɗaya aka ɗauki mutum biyu, ɗaya aka ba shi alƙalamin jarida, ɗaya kuma bayan shekara biyu aka zaunar da shi gaban makirufo. Dalilin haka a fili yake. A lokacin babu wata makarantar koyon aikin jarida a Arewa, kuma malamin makaranta shi ne mutumin da ya saba ɗauko abu mai wuya daga littafin Turanci ya warware shi da Hausa har yaro ɗan ƙauye ya gane.

Yaƙi ya kai shi Akra

Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a watan Satumba na 1939. Da Jamus ta ci Faransa a 1940, sai ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, irin su Nijar da Dahomi da Sanagal, suka koma ƙarƙashin gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus, kuma haka suka zauna har ƙarshen 1942. Wannan ya sa Turawan Ingila suka wayi gari da maƙwabtan da ba su amince da su ba, tun daga iyakar Katsina da Maraɗi har zuwa bakin teku. Daɗin daɗawa, yaƙin ya zama na baki kamar yadda yake na bindiga. Jamus tana watsa shirye-shirye da Larabci daga Balin, Italiya ta riga ta daɗe tana yin haka, jita-jita kuma tana yawo a kasuwanni da tashoshi. Ingila ta ga lalle ne ta yi wa talakawan ƙasashen da take mulka magana da harsunansu, in ba haka ba wani zai riga ta.

Wurin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne birnin Akra, wanda tsofaffin fatake suke kira Ankara, babban birnin ƙasar da a yau ake kira Gana. A can hedkwatar sojojin Ingila ta Afirka ta Yamma take. A can kuma akwai gidan rediyon da Gwamna Arnold Hodson ya buɗe a ranar 31 ga Yuli, 1935, mai suna ZOY, wanda a farkon yaƙin aka gina masa sabon gida aka kuma sanya masa na'urar da za ta kai murya ƙasashen maƙwabta. Gidan yana magana da harsunan ƙasar, irin su Tuwi da Fanti da Ga da Ewe, sannan aka haɗa da Hausa.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kawo Hausa cikin harsunan bakin teku? Amsar tana cikin tarihin fatauci da na soja. Shekaru aru-aru Hausawa suna bin hanyar Gwanja suna sayo goro, har suka kafa zanguna a Salaga da Kumasi da Akra kanta, inda 'ya'yansu da jikokinsu suke zaune har yau. Haka kuma Hausa ita ce harshen bariki a rundunar sojan Afirka ta Yamma, da ita ake ba da umarni, da ita kuma sojan da ya fito daga wata ƙabila yake magana da ɗan'uwansa. Dubban samarin Arewa sun shiga wannan runduna, aka kai su yaƙin Habasha a 1940 da 1941, daga baya kuma aka kai su ƙasar Bama. Ita kanta Kano ta shiga cikin yaƙin, domin jiragen saman da ake harhaɗawa a Takoradi sukan yada zango a filin jirginta da na Maiduguri a kan hanyarsu ta zuwa Hartum da Alƙahira. Saboda haka duk wanda yake son magana da soja da iyayen soja da fatake a lokaci guda, ba shi da harshen da ya wuce Hausa.

A shekarar 1941 aka zaɓi malaman makaranta biyu daga Arewa domin wannan aiki, Malam Isa Kaita daga Katsina da Malam Bello Dandago daga Kano. Tafiya irin wannan a lokacin ba ƙaramin abu ba ce. Hanyar da aka saba bi ita ce jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko, sannan jirgin ruwa zuwa Akra, a zamanin da jiragen yaƙin Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suke nutsar da jirage a gaɓar tekun. Malaman biyu sun zauna a can har zuwa 1944, kuma suna cikin 'yan Arewa na farko-farko da suka riƙi aikin rediyo a matsayin sana'a.

Yadda aikin yake

Labarin yaƙi yana zuwa ne da Turanci, daga Landan da kuma ofisoshin watsa labarai na gwamnati. Aikin mai gabatarwa shi ne ya karanta ya fahimta, ya juya shi zuwa Hausa, sannan ya zauna gaban makirufo ya faɗe shi a cikin 'yan mintocin da aka yanka masa. Mafi yawan shirye-shiryen wancan zamani kai tsaye ake yin su, saboda haka kalmar da ta fita ta fita ke nan, babu damar gyara.

Wahalar farko ita ce ta kalmomi. Yaƙin ya zo da abubuwan da Bahaushe bai taɓa gani ba, tankar yaƙi da bom da sojan laima da jirgin da yake nutsewa ya yi tafiya a ƙarƙashin ruwa, ga kuma sunayen garuruwan Rasha da na Asiya masu nauyi a baki. Babu wani ƙamus da aka tanada domin irin wannan, sai mai fassara ya auna da kansa, ko ya ari kalmar ya lanƙwasa ta yadda harshen Bahaushe zai iya ɗauka, ko ya siffanta abin da kalmomin gida. Wahala ta biyu ita ce ta masu saurare. Bakatsine da Bakano da Basakkwace da ɗan zangon Kumasi kowa da karin harshensa, ga kuma sojan da Hausa ba harshen uwarsa ba ce. Dole mai magana ya nemi Hausar da za ta game kowa, ya kuma yi ta a natse. Mai karanta jarida yana iya komawa baya ya sake duba layin da ya shige masa duhu, amma mai saurare ba shi da wannan dama. A nan ne shekara tara na tsayuwa gaban allo suka yi wa Isa Kaita rana.

Akwai kuma wahala ta uku, wadda ta fi sauran nauyi. Gidan rediyon na gwamnatin mulkin mallaka ne, an kuma kafa sashen Hausa ne domin a ƙarfafa wa jama'a guiwa su goyi bayan Ingila, su ba da samari da abinci da gudummawar kuɗi. Labarin da za a karanta sai an tace shi tukuna. A ɗaya ɓangaren kuma, mai saurare uba ne wanda ɗansa yake dajin Bama, ko matar da mijinta ya tafi shekara biyu babu wasiƙa, kuma abin da suke nema shi ne gaskiyar halin da ake ciki. Mai gabatarwa yana tsaye ne tsakanin wanda yake biyansa albashi da wanda ya ba shi amanar kunnensa. Wannan matsala ba ta ƙare da mulkin Turawa ba. Duk wanda ya yi aiki a gidan rediyo ko talabijin na gwamnati, a mulkin soja ko na farar hula, ya san ta, haka ma wanda yake aiki a gidan da wani attajiri ko ɗan siyasa ya mallaka.

A wancan lokaci akwatin rediyo sai gidan sarki da na manyan ma'aikata da 'yan kasuwa ƙalilan. Jama'ar gari sukan ji ne ta hanyar rediyo mai waya, wato a kama shiri a tasha guda, a rarraba shi ta waya zuwa akwatunan da aka kafa a gidaje da lasifikokin da aka ɗaura a wuraren taruwar jama'a. An fara wannan tsari a Ikko a 1935, ya iso Kano a 1944, shekarar da malaman biyu suka dawo gida.

Dawowa gida

A shekarar 1944 Sarki Dikko ya rasu, ɗansa Usman Nagoggo ya gaje shi. Isa Kaita ya bar aikin rediyo ya koma Katsina, ya zama sakatare a fadar sabon Sarki da kuma En'e ta Katsina. Abokin tafiyarsa Bello Dandago shi ma ya koma Kano, inda daga baya ya zama Sarkin Dawaki Mai Tuta, kuma ɗan Majalisar Wakilai ta Tarayya. A 1948 Isa Kaita ya tafi Ingila, ya yi karatun difloma a fannin mulki a Exeter. Ya dawo ya tarar da Arewa ta fara motsi. An kafa NEPU a Kano a watan Agusta na 1950, Jam'iyyar Mutanen Arewa kuma, wato NPC, ta rikiɗe daga ƙungiyar al'adu ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Yana cikin waɗanda aka kafa NPC da su, ya riƙe mata muƙamin sakataren kuɗi, kuma a zaɓen 1951 ya shiga Majalisar Dokoki ta Jihar Arewa a Kaduna.

A 1954 ya zama Ministan Ayyuka, daga nan ya koma Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa, sannan a 1957 aka ba shi Ma'aikatar Ilimi, wadda ya riƙe har zuwa watan Janairu na 1966. A gida kuma masarautar Katsina ta naɗa shi Madawaki, daga baya ya hau kujerar mahaifinsa ta Waziri.

Ma'aikatar da aka ba shi ita ce mai ɗauke da babban ciwon Arewa. Ana dab da samun mulkin kai, amma makarantun sakandare da masu digiri a Arewa ba su kai ko kusa da na Kudu ba, ga kuma manufar gwamnati ta mayar da aikin ofis hannun 'yan Arewa, wadda ba za ta yiwu ba sai da mutanen da suka yi karatu. A zamaninsa aka ƙara yawan makarantun sakandare na larduna, aka faɗaɗa makarantun horon malamai irin wadda garin Wudil ya yi suna da ita, aka kuma tura ɗalibai ƙasashen waje da kuɗin gwamnati. A 1960 aka buɗe kwalejin da ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero a Kano, wadda ita ce ta girma ta zama Jami'ar Bayero a 1977. A ranar 4 ga Oktoba, 1962, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Giɓin da ya tarar bai cike a hannunsa ba, musamman a ilimin firamare na karkara da na 'ya'ya mata, kuma 'yan adawa na lokacin ba su daina faɗin haka ba. Amma harsashin da aka ɗora manyan makarantun Arewa a kansa a waɗannan shekaru tara aka kafa shi.

Arewa ta sami muryarta

Yana kan kujerar minista ne aikin da ya fara a Akra ya yi rassa. An kafa hukumar watsa labarai ta Nijeriya a 1951, aka mai da ita NBC a 1957. A ranar 13 ga Maris, 1957, BBC ta fara shirin Hausa daga Landan, da muryar Malam Aminu Abdullahi Malumfashi, wanda shi ma ɗan ƙasar Katsina ne. Jihar Yamma ta buɗe gidan talabijin a Ibadan a 1959, Jihar Gabas ta bi sahu a 1960.

Shugabannin Arewa ba su manta da abin da ya same su a 1953 ba, lokacin da aka yi musu ihu a Ikko saboda sun ƙi amincewa da ƙudurin neman mulkin kai a 1956, jaridun Kudu suka yi musu ca, rikicin ya kai ga zubar da jini a Kano a watan Mayu na shekarar. Sun fahimci cewa wanda ba shi da bakin magana, wani ne zai ba da labarinsa. Saboda haka a 1962 gwamnatin da Isa Kaita yake minista a cikinta ta haɗa guiwa da kamfanonin Granada da EMI na Ingila ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna. A daidai wannan lokaci ne kuma ƙananan akwatunan rediyo masu batir suka fara yawaita, har makiyayi da ɗan kasuwar ƙauye suka iya mallaka. Rediyon Kaduna ya zama abokin hirar Arewa, da shirye-shirye irin su Jakar Magori da Zaman Duniya Iyawa Ne da Zaɓi Sonka, wanda ta cikinsa ɗan cirani da ma'aikacin da aka kai nesa suke aika gaisuwa gida. Jam'iyyun adawa sun sha kukan cewa gidan ya fi karkata ga jam'iyya mai mulki, wato dai tsohuwar matsalar nan ta Akra ce ta biyo masu aikin har gida.

A ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna. A wannan rana, ta gidan rediyon da gwamnatin Arewa ta gina Manjo Chukwuma Nzeogwu ya yi jawabin da ya sanar da rushe ta.

Bayan juyin mulki

Isa Kaita ya tsira da ransa, ya ci gaba da zama a Kaduna a matsayin dattijon ƙasa, yana kuma riƙe da sarautarsa ta Waziri. A Jamhuriya ta Biyu Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi shugaban Hukumar Kula da Ɗa'ar Ma'aikata, wadda aka ɗora wa alhakin karɓar bayanin kadarorin masu riƙe da muƙaman gwamnati. Yana kuma cikin dattawan da suka tsaya a kan neman a ba Katsina jiharta, abin da ya tabbata a ranar 23 ga Satumba, 1987. Allah ya yi masa rasuwa a Kaduna a watan Nuwamba na 1994, yana da shekara 82. An sanya sunansa a Kwalejin Ilimi ta Dutsin-Ma, akwai kuma wani babban titi a Kaduna mai ɗauke da sunansa.

Abin da ya bari

Daga muryoyi biyu a wani ɗaki a Akra, Hausa ta kai ga zama ɗaya daga cikin harsunan Afirka da aka fi watsa shirye-shirye da su a duniya. Bayan BBC, Muryar Jamus ta buɗe sashen Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007. A nan Kano, gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa gidan talabijin na CTV, wanda daga baya aka sanya masa sunansa, sannan aka buɗe gidan rediyo mai zaman kansa na Freedom Radio a 2003. Yau ga wayar hannu da intanet sun mai da kowa mai gabatar da shiri, ko ya koyi aikin ko bai koya ba.

'Ya'yanmu da yawa da suke karatu a Kano da Zariya da Abuja suna sha'awar wannan sana'a, wasu ma sun riga sun shige ta. Tarihin Wazirin Katsina yana tuna musu cewa waɗanda suka share wannan hanya malamai ne, sun san harshe biyu ciki da waje, sun kuma ɗauki mai saurare a matsayin ɗalibin da yake da haƙƙin a fahimtar da shi. Mu kuma da neman abinci ya raba mu da gida, muna iya duba yadda wani saurayi ɗan shekara 29 ya bar garinsu ya tafi bakin teku, ya yi wa mutanensa aiki daga can, sannan ya dawo da abin da ya koyo ya zuba shi a makarantun da 'ya'yansu suka shiga.

Allah ya jiƙan Alhaji Isa Kaita da abokin tafiyarsa Alhaji Bello Dandago, ya gafarta musu kurakuransu, amin.